Steve Reich: Tambayoyi da Amsoshi Kan Rayuwarsa da Yadda Kiɗansa Ke Aiki

Wanda ya fara jin kiɗan Steve Reich yakan ce ai wannan maimaici ne kawai. Bayan minti biyar kuma sai ya tarar ya kasa gane inda farkon zubin, wato ɗan jerin sautin da ake maimaitawa, yake, alhali bai ji lokacin da aka sauya komai ba. Tambayoyin nan su ne masu sauraro da ɗaliban kiɗa suka fi yi a kansa. Mun fi ba da ƙarfi ga yadda ake ƙera kiɗan da yadda ake buga shi, domin a nan ne ake gane mutumin.

Wane ne Steve Reich?

Ba'amurke ne mai tsara kiɗa, wato wanda ke zama ya rubuta kiɗa a takarda, makaɗa su karanta su buga, kamar yadda aka gada a kiɗan kilasik na Turai. Ana furta sunan "Raish". An haife shi a New York ranar 3 ga Oktoba, 1936, a gidan Yahudawa. Yana ɗan shekara ɗaya iyayensa suka rabu. Uban lauya ne, ya zauna a New York; uwar mawaƙiya ce, ta koma Los Angeles. Daga 1939 zuwa 1942 yaron ya riƙa kai-komo a jirgin ƙasa tsakanin biranen biyu tare da mai rainonsa. A riƙe wannan tafiya a zuci, za ta dawo bayan kusan shekara 50.

Ana lissafa shi tare da La Monte Young da Terry Riley da Philip Glass cikin waɗanda suka buɗe salon da ake kira minimalizim a shekarun 1960: kaya kaɗan, bugu tsayayye, zubi gajere da ake ta maimaitawa yana sauyawa sannu a hankali. Sunan ya dace da ayyukansa na farko. Waɗanda suka biyo baya sun fi ƙarfinsa.

Ta ina ya biyo kafin ya kai ga tsara kiɗa?

Ta hanyar ganga. Yana ɗan shekara 14 ya ci karo da kiɗan Stravinsky da na Bach da jazz ɗin Charlie Parker da Miles Davis, ya fara koyon ganga wurin Roland Kohloff. A Jami'ar Cornell kuwa falsafa ya karanta, ya gama a 1957. Daga nan ya koyi tsara kiɗa wurin Hall Overton, ya shiga makarantar Juilliard daga 1958 zuwa 1961, sannan Kwalejin Mills da ke Oakland, inda Luciano Berio da Darius Milhaud suka koyar da shi har ya sami digiri na biyu a 1963.

Abin da ake yayi a makarantun kiɗa a lokacin shi ne tsarin sauti 12 na Arnold Schoenberg, wanda masu tsara kiɗa Boulez da Stockhausen suka ƙara tsanantawa. Ba bugun da ƙafa za ta bi, ba sautin da kunne zai koma ya huta a kai. Reich ya koya, amma abin bai kwanta masa a rai ba. Da rana yana aji, da dare yana wurin da mai jazz John Coltrane ke busa, mutumin da kan tsaya a kan haɗin sauti guda, wato sautuka da ke tashi tare a lokaci ɗaya, fiye da minti 15 ba tare da an gaji da shi ba. Darasin da ya ɗauka shi ne, idan ka hana haɗin sauti motsi, kunne zai koma kan bugu da amo, kuma a nan akwai abin ji mai yawa.

Da ya gama bai kama koyarwa ba. Ya tuƙa tasi a San Francisco, ya yi aiki a gidan waya, yana rubutu a sauran lokacinsa.

Mece ce dabarar "gociya" da ake danganta masa, kuma yaya ya gano ta?

A 1964 ya ɗauki muryar wani mai wa'azin Kirista baƙar fata a dandalin Union Square na San Francisco, yana wa'azi kan ruwan Ɗufana. Ya yanko guntun tef inda mutumin ke cewa za a yi ruwa, ya liƙa bakinsa da wutsiyarsa ya zama zobe, yadda zai riƙa zagayawa ba iyaka. Ya yi zobe biyu iri ɗaya, ya ɗora a kan rikoda biyu, ya kunna tare. Injinan masu araha ne, gudunsu bai zo daidai ba. Da farko murya ɗaya ake ji. Can sai ta yi kamar tana amsa kuwwa, sai ta rabu biyu, kalmomin suka narke suka zama bugu, daga ƙarshe zoben biyu suka sake haɗewa.

Lissafin mai sauƙi ne. Idan inji ɗaya ya fi ɗayan gudu da kashi ɗaya cikin ɗari, sai zoben ya zagaya sau ɗari kafin su sake daidaita, kuma a tsakani kunne zai ji kowace irin tazara da za ta iya shiga tsakanin muryoyin biyu. Wannan ya zama *It's Gonna Rain* a 1965. A 1966 ya yi *Come Out* da muryar ɗaya daga cikin samari shida baƙar fata na unguwar Harlem da 'yan sanda suka kama suka lakaɗa wa duka, don taron tara kuɗin sake shari'arsu. A can muryar takan rabu biyu, sannan huɗu, sannan takwas.

Mutum zai iya yin abin da injin ya yi?

Wannan ita ce tambayar da ta dame shi, amsarta kuma ita ce *Piano Phase* na 1967. Fiyano biyu, zubi guda mai sauti 12 da aka gina da sautuka biyar kacal. Makaɗi na farko ya fara, na biyu ya shigo daidai da shi. Na farko ya kafe a kan gudunsa. Na biyu ya ƙara sauri ɗan ƙanƙani, ya yi ta gocewa har sautinsa na biyu ya faɗa kan sautin farko na abokinsa, sai ya koma gudun asali ya tsaya nan na ɗan lokaci. Haka za a yi sau 12 har a dawo mafari. Bayan nan akwai zubi mai sauti takwas, sannan mai huɗu. Duka yakan ci minti 15 zuwa 20.

A takarda shafi kaɗan ne, amma a nan gizo ke saƙa. Abu uku ne ke ɓata shi. Na farko, makaɗin da ya kamata ya kafe sai kunnensa ya ja shi ya bi saurin abokinsa, su gudu tare, gociyar ba ta faru ba. Na biyu, mai gocewa ya tsorata da ruɗanin tsakiya ya yi tsalle zuwa mazauni na gaba, alhali wannan ruɗanin shi ne zaƙin kiɗan. Na uku, ya zarce ya wuce da sauti biyu, lissafi ya rikice. Maganin da ya fi aiki shi ne mai gocewa ya san tun kafin ya tashi wane sautinsa ne zai sauka kan sautin farko na abokinsa, ya nufe shi da kunne. Don atisaye, a ɗauki zubin a rikoda na minti goma, a riƙa gocewa a kansa shi kaɗai. Rikoda ba ta bin kowa.

Akwai aikinsa da za a iya gwadawa ba tare da kayan kiɗa ba?

Akwai. *Clapping Music* na 1972 tafi ne zalla, mutum biyu. Zubin gurbi 12 ne, tafi takwas da shiru huɗu: tafi uku, shiru, tafi biyu, shiru, tafi ɗaya, shiru, tafi biyu, shiru. Kowane tafi da kowane shiru tsawonsu ɗaya.

Ku fara tare. Na farko ba zai sauya ba har a gama. Bayan maimaici 12 (wasu kan rage zuwa takwas), na biyu zai fara zubin daga gurbi na biyu, gurbin farko ya koma ƙarshe. Nasa ya zama tafi biyu, shiru, biyu, shiru, ɗaya, shiru, biyu, shiru, ɗaya. A nan ba gocewa a hankali, tsalle ne kai tsaye. Bayan wani maimaicin ya fara daga gurbi na uku, haka har sau 12 ku sake haɗewa. A dandamali gurbi biyar zuwa shida ake ci a daƙiƙa, kiɗan ya ƙare cikin kimanin minti huɗu zuwa shida. Mai koyo ya fara da rabin wannan gudu.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne na biyu ya riƙa jin tafi ukun nan a matsayin farkon zubi duk inda suka koma. Da zarar ya yi haka ya rabu da abokinsa. Dole "ɗaya" ɗinsa ta zauna inda ta na farko take, ko da ta faɗa kan shiru. Sauya daga zubin da ya ƙare da tafi zuwa wanda ya fara da tafi ma wuri ne na tuntuɓe, domin hannu zai so ya huta. Sannan ku daidaita hannu: ko dai ku biyu ku yi tafin da tafin hannu a buɗe, mai kaifi, ko ku biyu ku ɗan lanƙwasa shi ya yi kauri. Idan amon ya bambanta, mai sauraro zai ji mutum biyu. Abin da ake nema ya ji zubi guda sabo da babu wanda ke tafa shi a cikinku.

Me ya kai shi Gana, kuma me ya samo?

Tun farkon shekarun 1960 ya karanta rubutun A. M. Jones kan kiɗan ganga na Ewe, ya ga zube-zube masu gurbi 12 suna tafiya tare ba tare da farkonsu ya haɗu ba. A 1970 ya je Jami'ar Gana da ke Legon, ya zauna gaban babban makaɗin Ewe, Gideon Alorwoyie. Yakan ɗauki darasin a tef, ya rage gudunsa, ya rubuta abin da kowace ganga ke yi dangane da ƙararrawar ƙarfe da ake kira gankogui, wadda ba ta sauyawa. Zazzaɓin cizon sauro ya katse zaman bayan mako biyar.

Da ya dawo ya rubuta *Drumming*, aka fara buga shi a New York a Disamba 1971. Makaɗa tara, mawaƙa mata, da ƙaramar sarewa. Kashi huɗu ne ba tsayawa: ƙananan gangunan bongo takwas da aka ɗaure kowace a kan sautinta, marimba uku (jeren allunan katako da ake bugawa da sanduna), ƙananan allunan ƙarfe uku masu ƙara kamar ƙararrawa, tare da fito, sannan duka a haɗe. Zubi guda ne daga farko har ƙarshe, na kusan awa ɗaya ko fiye. Ana fara shi da bugu ɗaya tak a cikin gurbi 12, a riƙa cike guraben shiru ɗaya bayan ɗaya har zubin ya bayyana. Mawaƙan ba kalma suke rerawa ba, ƙananan waƙoƙin da ke fitowa daga haɗuwar marimba suke kamawa su ɗaga su sama don a ji. Abin lura ga masu bugawa: fatar bongo na sauya sauti da zafin fitilun dandamali, don haka a ɗaure ta a wurin da za a buga, a sake dubawa dab da farawa.

To ba kwasar kiɗan Afirka ya yi ya sa sunansa ba?

Tambaya ce mai nauyi, bai kamata a share ta ba. Gociya ya same ta kafin ya je Gana, kuma da gangan ya ƙi amfani da gangunan Ewe ko waƙoƙinsu. Matsayinsa shi ne a koyi ginin, a bar sautin ga masu shi. Amma bashin a fili yake. Zubin ƙararrawar Ewe bugu bakwai ne cikin gurbi 12, nasa na tafi takwas cikin 12, kuma dangantakar ba ta ɓuya. Kashin farko na *Electric Counterpoint*, wanda ya rubuta wa mai jita Pat Metheny a 1987, ya samo jigonsa daga busar ƙaho ta Afirka ta Tsakiya da masanin kiɗa Simha Arom ya rubuta. Reich bai ɓoye ko ɗaya ba, ya ambaci malamansa a rubuce. A ganinmu abin da ya rage a faɗa shi ne suna da kuɗin da aikin ya jawo ba su koma inda ilmin ya fito daidai gwargwado ba, kuma duk wanda zai koyar da *Drumming* ya kamata ya fara kunna wa ɗalibai kiɗan Ewe na ainihi.

Me ya sa ake ɗaukar *Music for 18 Musicians* a matsayin babban aikinsa?

Domin a nan ne dabara ta daina zama abin gwaji ta zama kiɗa mai cika ɗaki. Ya shafe shekara biyu a kai, bayan ya koyi kiɗan gamelan na tsibirin Bali a Seattle da Berkeley a 1973 da 1974. An fara buga shi ranar 24 ga Afrilu, 1976, a zauren Town Hall na New York. Kayan su ne biyolin ɗaya, celo ɗaya, kilarinet biyu da ke sauyawa zuwa babba mai kauri, muryoyin mata huɗu, fiyano huɗu, marimba uku, zailofon biyu, bibrafon ɗaya (jeren allunan ƙarfe da ake bugawa da sanduna) da caki. Yakan kai kusan awa ɗaya.

Ginin ga shi. A buɗewa ana jera haɗin sauti 11, kowane a riƙe shi na tsawon numfashi biyu. Sannan a dawo a ɗauki kowane a shimfiɗa shi ya zama sashe na kimanin minti biyar. A ƙarshe a sake jera su 11 ɗin. Lokaci iri biyu ke tafiya tare: fiyano da marimba na buga ƙwaƙƙwaran bugu da ba ya tsayawa, masu busa da mawaƙa kuma suna tasowa daga shiru su cika su koma, gwargwadon iskar da ke ƙirjinsu. Ka saurari babban kilarinet a minti na farko, za ka ji kamar ɗakin ne ke numfashi.

Ba mai tsayawa da sanda yana ba da umarni. Mai bibrafon ne ke buga 'yar gajeruwar alama, kowa ya ji ya sauya, kamar yadda babban makaɗi ke yi a Gana da Bali. Shi ya sa matsalar aikin ba ta yatsu ba ce, ta kunne da juriya ce. Idan jerin zama bai bari kowa ya ji bibrafon ba, rabin ƙungiya zai sauya rabi ya tsaya. Idan masu fiyano biyu da ke raba bugu, ɗaya a kai ɗaya a tsakani, suka gaji, gudu zai ja baya ba wanda ya lura. Mai caki kuwa hannunsa ke fara sarewa, shi ya sa ake miƙa ta daga hannu zuwa hannu ba tare da bugu ya yanke ba. Da mutum 18 cif dole wasu su riƙa tashi daga wannan kaya zuwa wancan, don haka ƙungiyoyi da yawa kan ƙara mutum ɗaya ko biyu. Faifan da kamfanin ECM ya fitar a 1978 ya sayar da fiye da kwafi 100,000.

An karɓe shi tun farko?

A'a. Gidajen zane da na tarihi ne suka fara ba shi wuri. A 1973 da aka buga *Four Organs* a Carnegie Hall, haɗin sauti guda da ake ta ja yana ƙara tsawo, 'yan kallo suka yi ta ihu har makaɗan na ƙirga da ƙarfi don kada su ɓace.

Ina labarin jirgin ƙasan ya shigo?

A *Different Trains* na 1988, wanda ya rubuta wa ƙungiyar Kronos mai makaɗa huɗu. Ya yi tunanin cewa a shekarun da yake kai-komo a Amurka, da a Turai yake, a matsayinsa na yaro Bayahude wani jirgin daban za a cusa shi, mai zuwa sansanin kisa. Ya ɗauki muryar mai rainonsa, da ta wani tsohon ma'aikacin jirgi, da ta mutum uku da suka tsira daga kisan ƙare-dangi na 'yan Nazi. Daga kowace ya yanko gajerun jimloli, ya saurari hawa da saukar muryar, ya rubuta ta a matsayin waƙa. Biyola, wato matsakaicin goge, ke bin muryar mata, celo, babban goge mai kauri, ke bin ta maza. Gudun kiɗan ma maganar ce ke yanke shi, don haka duk sabuwar jimla na zuwa da sabon gudu.

Makaɗan huɗu na bugawa a kan rikodin da ke ɗauke da muryoyin, da ƙarar jirage, da wasu rukunan makaɗa huɗu-huɗu har uku. Nasarar dare tana hannun mai kula da na'urar sauti. In rikodin ya danne makaɗan, an zo kallon faifai ne. In suka danne shi, kalmomin sun ɓace. Kashi uku ne, kimanin minti 27. Ya ci kyautar Grammy a 1990.

Gaskiya ne ya yi aiki kan Annabi Ibrahim?

Gaskiya ne. *The Cave*, wanda aka fara nunawa a Biyana ta Ostiriya a 1993, shi da matarsa Beryl Korot mai fasahar bidiyo suka yi shi. Sunan na nufin kogon da ke birnin Al-Khalil, inda Musulmi da Yahudawa suka yarda nan kabarin Annabi Ibrahim, alaihis salam, yake. Tambayoyi iri ɗaya suka yi wa Yahudawan Isra'ila, da Falasɗinawa, da Amurkawa: wane ne Ibrahim, wace ce Saratu, wace ce Hajara, wane ne Isma'ila, wane ne Ishaƙa. Ana haska masu amsar a manyan alluna biyar, makaɗa da mawaƙa na bin muryoyinsu. Ƙungiyoyi biyun farko sun amsa kamar ana tambayarsu kakansu. Wasu Amurkawan kuwa tsohon shugaban ƙasarsu Abraham Lincoln ne ya fara faɗo musu a rai.

Da me mai tsara kiɗa irinsa ke ci?

Da farko da hannunsa. A 1966 ya kafa ƙungiyarsa, Steve Reich and Musicians, kuma na tsawon shekaru ita ce kusan kaɗai ke buga manyan ayyukansa, musamman a rangadin Turai. Daga baya hanya uku suka buɗe: kuɗin da ƙungiya ko mai hali ke biya don a rubuta sabon aiki, kamar yadda Betty Freeman ta biya na *Different Trains*; kuɗin hayar takardun kiɗa; da kason da ake biya duk lokacin da aka buga ko aka sa a rediyo. Mai son buga aikinsa a bainar jama'a zai sami na farko-farko, irin su na tafi da na fiyano, a kamfanin Universal Edition, sauran kuma a Boosey & Hawkes, inda manyan ayyuka haya ake bayarwa. Kyaututtuka sun zo a baya-baya: Praemium Imperiale ta Japan a 2006, Polar ta Siwidin a 2007, Pulitzer a 2009 saboda *Double Sextet*. A Oktoba 2023, yana ɗan shekara 87, aka fara buga *Jacob's Ladder* a New York.

Da wanne ya kamata a fara sauraro?

Da na tafi, bayan ka gwada shi da hannunka. Sannan *Electric Counterpoint*, minti 15 mai sauƙin shiga kunne, inda mai jita ke buga layi ɗaya a kan jita goma da bes biyu da ya riga ya ɗauka. Daga nan *Music for 18 Musicians*, a zama ɗaya, kada a tsallaka, domin sashe na bakwai ba ya aiki sai ka bi ta na shida. *It's Gonna Rain* a bar shi sai kunne ya saba, kuma a sa hedifon. Zobe ɗaya na kunnen hagu, ɗaya na dama. Lasifikar waya guda takan cakuɗa su, ba za ka ji lokacin da muryar ta fara zamewa daga tsakiyar kai zuwa gefe ba.